Yarinyar da littafin awon sugarta ke zama fari duk ranar Asabar: ina neman shawararku

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da aiki, musamman waɗanda suka kwana a tsaye. Wata magana ce ta hana ni sukuni, na ce bari in kawo ta zaure, don na san akwai waɗanda suka riga ni shiga irin wannan unguwa. Na sauya wasu bayanai saboda sirrin majiyyaciya.

Ina aikin jinya a sashen yara masu ciwon suga a arewacin Manchesta. Yankinmu ya haɗa da Prestwich da Broughton Park, inda Yahudawa masu tsananin riƙo da addini suke da yawa, waɗanda ake ce wa Haredi. Akwai yarinya 'yar shekara 11 da aka gano tana da ciwon suga nau'i na ɗaya wata huɗu da suka wuce, ita ce ta biyar a cikin 'ya'ya tara. Uwarta mace ce mai natsuwa, komai na faɗa sai ta rubuta. Amma sau biyu a cikin hunturu muka ba su lokacin ganin likita ranar Juma'a da ƙarfe uku, ba su zo ba, har wata abokiyar aikina ta fara zancen a kai rahoto ga hukumar kula da walwalar yara. Littafin awon kuma cike yake daga Lahadi zuwa Juma'a da rana, daga nan sai fari fat har daren Asabar, sannan ka ga suga ya haura zuwa 17 ko 18. Na ce a saka mata sensa, wato ƙaramar na'urar da ake mannawa a fata tana auna suga da kanta, a haɗa da waya, uwar ta ce ba su da irin wannan wayar. Na ce idan suga ya faɗi ƙasa da 4 a ba ta alewar Jelly Babies kamar yadda muka saba faɗa wa kowa, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makarantar yarinyar ba ta san komai ba, kuma uwar ta roƙe ni kada a sanar.

Ba na so in zalunce su, ba na kuma so a wayi gari yarinyar nan ta sume a aji. Me zan yi?

Baban Zara:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanwata. Na shekara fiye da goma ina duba marasa lafiya a Hackney, dab da Stamford Hill, kuma kusan duk abin da kika lissafa na taɓa yin kuskure a kansa.

Fara da Juma'ar nan. Asabar ɗinsu, wato Shabbat, tana shiga ne tun kafin faɗuwar ranar Juma'a, lokacin da matar gida ke kunna kyandir, ba ta fita sai taurari sun bayyana daren Asabar. A Manchesta cikin Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ke nan wajen uku da rabi komai ya tsaya: ba tuƙi, ba kunna wuta, ba waya, ba girki. Mace mai 'ya'ya tara da za ta gama abincin kwana guda kafin wannan lokaci, kin ba ta ƙarfe uku. Ba ƙin zuwa ta yi ba. Ki roƙi abokiyar aikinki ta dakata da rahoton nan, ki mayar da su safiyar Talata ki gani.

Littafin kuma, rubutu na cikin ayyuka 39 da aka hana a Shabbat. Farar takarda ba ta nuna cewa ba a auna ba. Ki karɓi na'urar awon da kanta ki duba abin da ta adana.

Maman Hanif:
Dakta wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni littafin kawai nake buɗewa don uwar ta fi son sa. Amma tambayata, idan kunna na'ura da fitar da jini duk an hana, ashe ke nan addininsu ya hana a auna ta?

Baban Zara:
A'a, nan ne mutane da yawa ke ɓata. Suna da ƙa'ida da ake kira pikuach nefesh, wato ceton rai, kuma tana gaba da Shabbat. Malamansu sun ɗauko ta daga ayar Attaura da ke cewa mutum ya rayu da dokokin, suka ce ai ba a ce ya mutu da su ba. Mai nau'i na ɗaya ana lissafa shi a cikin marasa lafiyar da ransu ke cikin haɗari, don haka awo da allurar insulin ranar Shabbat halal ne, wajibi ma. Wasu malaman kan ce idan ba gaggawa a danna maɓallin ta hanyar da ba a saba ba, kamar da bayan yatsa, suna kiran wannan shinui. Idan akwai gaggawa babu wannan ma.

Abin da na lura da shi shi ne iyalin da ciwon ya shigo musu sabo sukan ji nauyi a zuciya ko da sun san hukuncin, sai su rage awon zuwa sau ɗaya ko biyu. Kamar dattijonmu ne da likita ya ce ya sha azumi, ya san ayar, amma zuciyarsa ta ƙi. Maganar da ke sauke wannan nauyi ba daga bakinki za ta fito ba, daga bakin rabbin gidansu ne, wato malaminsu na addini. Ki tambaye su wa suke kai wa tambayoyinsu na addini, kuma ko sun yarda ki rubuta masa taƙaitaccen bayani: sau nawa ake buƙatar awo, me ke faruwa idan ba a yi ba. Da izininsu fa, a rubuce. Kada ki tsallake su ki je wurinsa.

Ummu Sudais:
Yaya Maman Hanif, ni ɓangaren abinci zan taɓa, don 17 da 18 ɗin nan na san inda suke fitowa ko da ana awo. Na zauna da iyaye mata da dama a asibitinmu na ce su faɗa mini abin da ake ci daga daren Juma'a, cokali bayan cokali.

Ana buɗewa da addu'ar kiddush a kan kofin giyar inabi, yara kuma ruwan inabi ake ba su, wanda kowane mililita 100 yana ɗauke da sukari wajen giram 15 ko fiye. Sai burodin challah guda biyu, fari ne mai laushi, sau da yawa da sukari a kwaɓinsa, kuma cin sa ibada ne, ba za ki ce a bari ba. Sai miyar kaza, kifi, kugel na dankali ko na taliya, sai kayan zaƙi. Ranar Asabar bayan an dawo daga majami'a akwai cholent: wake da sha'ir da dankali da nama mai kitse, an ɗora tun Juma'a ya kwana a kan wuta. Wannan shi ne mai wahalar lissafi, domin kitsen na jinkirta narkewa, suga ba ya tashi nan take, sai bayan awa uku ko huɗu ya yi sama, lokacin allurar da aka yi kafin cin abinci ta gama aikinta. Da yamma kuma akwai ci na uku. Sannan ba a auna abinci a sikeli ranar, ba a duba waya.

Abin da ke aiki shi ne a yi lissafin tun ranar Alhamis. Uwar ta kawo yadda take haɗa challah da cholent ɗinta, ku zauna ku fitar da adadin sitacin da ke cikin yanka ɗaya da ludayi ɗaya, a rubuta a kati da manyan baƙi a manna a jikin firji. Karatu ba a hana ba. Ta ware ludayi ɗaya da kofi ɗaya na yarinyar. Takardun abincin da muke rabawa masu hoton sanwic na naman alade da cuku ki ajiye su, ba sa haɗa nama da madara a ci ɗaya, kuma bayan nama yawancinsu sai sun jira awa shida kafin su taɓa madara. Idan kika ce ta sha madara kafin barci daren Juma'a, kin faɗi abin da ba zai yiwu ba, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta gaya miki ba.

Abban Yusra:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Ina karanta wannan dogon bayani a kan yadda za a lallaɓa Yahudawa, alhali yaran Gaza masu irin wannan ciwo an sha ba da labarin ba su samun insulin ɗin ma. Zuciyata ba ta iya ɗauka. Ki yi mata aikin da doka ta ce, ki wuce. Su ma ai suna da ƙungiyoyinsu.

Maman Hanif:
Malam Abban Yusra, abin da ke ci maka rai yana ci mini, Allah ne shaida, kuma ina ba da abin da zan iya duk wata. Amma yarinyar nan shekararta 11, a Salford aka haife ta, ba ta san komai ba sai makaranta da ƙannenta. Ranar da aka kwantar da ita ni na riƙe hannunta ana neman jijiya, tana rawar jiki. Amana ce aka ɗora mini. Idan na yi mata rabin aiki saboda abin da wata gwamnati ta yi, ban san abin da zan ce wa Ubangijina ba.

Baban Zara:
Ɗan'uwa, ka tuna watan Ramadan a ƙasar nan. Mu ne muke jin zafi idan likita ya ce wa mahaifinmu "kawai kada ka yi azumi" ya juya baya, ba tare da ya tambaye shi komai ba. Sai da aka yi shekaru ana fama kafin a samu jagorar da ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta fitar tare da ƙawancen DAR, masu nazarin ciwon suga da azumin Ramadan, a 2016, aka sabunta a 2021, wadda ta raba marasa lafiya bisa girman haɗarin azumi gare su. Abin da muka nema wa kanmu shi ne Maman Hanif ke nema wa wannan iyali.

Hajiya Mai Zaure:
Abban Yusra an ji ka, kuma ba wanda ya raina damuwarka. Maganar Gaza da tara gudummawar magani tana da nata zaren, yana nan a buɗe tun bara. Nan a tsaya a kan majiyyaciya. Na gode.

Abban Yusra:
To Hajiya. Allah ya ba yarinyar lafiya. Ina nan ina karantawa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni a kantin magani nake aiki a Antwerp ta Beljiyam, kusa da tashar jirgin ƙasa, unguwar da Haredi suka cika. Shirun da uwar ta yi a kan alewar nan, jelatin ne. Daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, ba kosha ba ne a wurinsu, wato addininsu bai halatta cinsa ba, kamar yadda mu ma muke juya leda mu duba. Ba sai an yi gardama ba, abin da ake buƙata giram 15 ne na sukari mai saurin shiga jini, a yaro ƙarami ma ƙasa da haka. Ruwan inabin da ke kowane gidansu ya wadatar, ko sukarin shayi a ruwa, ko alewar da ke da tambarin kosha. A Ingila za ki ga tambarin KLBD na kotun addininsu ta Landan, ko na Manchesta, ko Kedassia. Kowane gida da tambarin da ya amince da shi, don haka ki bar uwar ta zaɓa, ke ki duba giram ɗin kawai.

Insulin kuwa ba matsala. Wanda ake amfani da shi yanzu ba daga alade ko saniya ake ciro shi ba, tun 1982 aka fara sayar da wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Ko a zamanin na aladen ma malamansu sun halatta, domin dokar kosha a kan abin da aka ci ta baki take.

Ki shirya wa bikinsu na Pesach tun yanzu, yana zuwa a Maris ko Afrilu, kwana takwas ne a wajen Isra'ila. Ana fitar da duk abin da ya shafi hatsi mai kumburi daga gida, har ƙwayoyin gulukos wasu kan ajiye saboda ana iya yin su daga alkama ko masara. A daren farko da na biyu akwai kofi huɗu na inabi da cin matza, wato burodinsu marar yisti, kuma fallen matza ɗaya na inji yana da sitaci fiye da giram 20. Ana cin abincin a makare, wani lokaci har tsakar dare. Ki tabbatar kafin bikin ya shiga akwai abin ɗaga suga da suka yarda da shi a ɗakin yarinyar.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam. To wayar fa? Hukumar NICE, mai fitar da jagorar kula da lafiya a Ingila, tun 2022 ta ce duk yaro mai nau'i na ɗaya a ba shi sensa, ni kuma na ɗauka sun ƙi ne gaba ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Wayar ce ba su da ita, ba sensar suka ƙi ba. Da yawansu wayar kira kawai suke riƙewa, wadda ba intanet ba kyamara, da gangan, don kare gida. Sensar FreeStyle Libre na da ƙaramar na'urar karantawa tata, sensar Dexcom ma na da tata. Ki nema musu ita. Abin da za ki rasa shi ne ganin awon daga ofis, sai dai su riƙa kawo na'urar kina saukewa a kwamfutarku. Kuma sensa ta fi sauƙi a Shabbat, tunda ba a huda yatsa kowane lokaci, ƙararrawa kuma tana bugawa da kanta. Ki kula da ranar canji kawai. Dexcom kwana 10 take yi, Libre 14 ko 15, ki lissafa kada ta ƙare daren Juma'a. Wani lokaci biki na kwana biyu yana haɗuwa da Shabbat ya zama kwana uku a jere, to a canza sensa a cika caji kafin a shiga.

Nas Ɗan Borno:
Duk wannan na yarda. Amma maganar makaranta ni ba na ganin akwai lallashi a ciki. Yarinya tana wuni awa bakwai a wurin da ba wanda ya san alamar faɗuwar suga. Idan ta fara gumi tana magana a karkace, malamar za ta ɗauka rashin ji ne. Wannan ba al'ada ba ce, rai ne. Dokar yara da iyalai ta 2014 ta ɗora wa makarantu nauyin kula da ɗalibai masu larura. Ni da ni ne, zan gaya wa uwar cewa nan da mako guda ko ta sanar ko mu sanar.

Anti Rifkatu:
Ɗana, ka bari in ba ka labarin abin da ke bayan roƙon matar nan. Ni ungozoma ce, na daɗe ina karɓar haihuwa a Gateshead, garin da ke da babbar makarantar addininsu tun 1929. Aure a wurinsu ta hanyar shidduch ake yi, mai dalili ne ke haɗa iyalai, kuma kafin yaro da yarinya su ga juna an riga an bincika gida: lafiya, tarbiyya, dangi. Uwar nan ba wannan 'yar kaɗai take tunani ba. Tana da manya huɗu a gabanta, wataƙila babbar ta kusa shekarun aure. Tsoronta shi ne a ce gidan su wane akwai ciwo, a daina kawo musu magana. Mu da muka fito daga inda ake ɓoye sikila da farfaɗiya saboda kada 'ya ta rasa miji, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Dokar da ka ambata kuma, wancan sashen makarantun gwamnati da akademi ya ɗaure. Yawancin makarantun Haredi masu zaman kansu ne, ko da yake su ma suna da nauyin kare yara. Idan ka ba ta wa'adin mako guda, abin da na sha gani shi ne iyali su daina ɗaga waya, su koma wurin wani likita mai zaman kansa, yarinyar ta fita daga idonku gaba ɗaya.

Nas Ɗan Borno:
Anti na ji, kuma ban ce tsoronta ba gaskiya ba ne. Amma idan abin ya faru gobe, wa za a tambaya? Kuma ita yarinyar, wa ya tambaye ta ko tana son ɗaukar wannan sirri ita kaɗai? Tana shiga banɗaki ta yi allura a ɓoye kamar mai laifi. Wannan ma cuta ce.

Anti Rifkatu:
A nan ka faɗi gaskiya, ban musa ba. Ba cewa nake a bar makaranta a duhu ba. Cewa nake tsakanin "kowa ya sani" da "ba wanda ya sani" akwai fili. A sanar da shugabar makaranta da malama ɗaya ko biyu da ke tare da ita kullum, a koya musu alamomi da abin yi, a ajiye kayan gaggawa a ofis, a yi alkawarin sirri a gaban uwar. Kuma a nan ma rabbi na da amfani, don idan ya ce mata ɓoyewar da ke jefa rai cikin haɗari ba ta halatta, za ta ji fiye da yadda za ta ji daga gare mu. Idan an bi duk wannan ta ƙi, to lokacin ne maganarka za ta hau, kuma ni ma zan goyi bayanka. Amma kada a ja abin ya wuce makonni kaɗan.

Wani abu da ke taimakawa shi ne ta ga wata uwa irinta da ta wuce wannan mataki. Akwai ƙungiya a jihar New York, Friends With Diabetes, ta Rabbi Hirsch Meisels, da ke fitar da bayanai a kan ciwon suga da Shabbat da bukukuwa don irin waɗannan iyalai. Ki buga mata a takarda, kada ki tura mata adireshin intanet. Ki kuma tambaya ko lambar Hatzola na manne a gidan da makarantar. Su ne 'yan sa-kai na motar asibiti a cikin al'ummar, sun fara a Brooklyn a shekarun 1960, suna nan a Manchesta, suna ɗaga waya ranar Shabbat, kuma iyali ba sa jinkirin kiransu.

Ke kuma Maman Hanif, idan uban ya zo kada ki miƙa masa hannu, kuma idan namiji ne zai saka wa yarinyar sensa a dantse ki nemi a canza da mace. Wannan kin fi ni sani.

Maman Hanif:
Na gode Anti. Akwai abin da ban faɗa ba, don sai yanzu na gane muhimmancinsa. Uwar ta taɓa tambayata, kamar a wuce, ko yarinyar za ta iya wuni ba ci idan ta cika 12 a bazara mai zuwa. Na ce mata a'a kawai, na ci gaba da wata magana.

Baban Zara:
To wannan ita ce babbar tambayar da ke ranta. A shekara 12 yarinya ke balaga a shari'arsu, namiji a 13, kuma daga nan azumin Yom Kippur ya hau kanta, a Satumba ko Oktoba. Kada ki auna shi da namu. Namu ko a Yunin Manchesta da yake kai awa 18 ko fiye, akwai buɗa-baki da sahur. Nasu wajen awa 25 ne a jere, daga faɗuwar rana zuwa daren gobe, ba ci ba sha. Akwai irinsa a Tisha B'Av cikin bazara, wanda ma zai iya riga Yom Kippur zuwa bayan ta cika 12, sai wasu ƙanana huɗu na wuni. Kuma mu muna da ramuwa, su Yom Kippur rana ɗaya ce a shekara, idan ta wuce ta wuce, shi ya sa barinsa ke musu ciwo sosai.

Ga yarinyar da ba ta shekara da ciwon ba, awonta bai daidaita ba, ni ba zan goyi bayan azumi ba, kuma ina kyautata zaton rabbin ma haka zai ce idan ya ji bayani. Suna da tsaka-tsaki da ake kira shiurim: mara lafiya ya ci ɗan abin da bai kai wajen giram 30 ba, ya sha ƙasa da cikin kunci ɗaya, ya jira kamar minti tara, ya sake. Wa ya cancanci wannan, wa zai ci kamar kullum, hukuncin rabbi ne bayan ya ji likita. Naki shi ne ki faɗi iyakokin da ba a taɓawa: insulin mai dogon aiki ba a tsayar da shi ko ba a ci komai ba, in ba haka ba sinadarin kiton ya taru a jiki, jini ya yi tsami. Idan suga ya sauka ƙasa da 4 an sha sukari nan take, ba jiran minti tara, ba neman fatawa. A rubuta wannan, rabbin ya gani, uban ya gani.

Ki koma ki buɗe mata maganar da kanki. "A'a" ɗin da kika ce daidai ne a likitance, amma ta tafi gida da shi ita kaɗai.

Ɗan Damagaram:
Dakta ya tuna mini. Masu duba manya, ku lura da tsofaffinsu masu nau'i na biyu kafin wannan azumi. Maganin gliclazide na iya kayar da suga idan ba a ci ba. Su dapagliflozin da empagliflozin kuma, ga rashin ruwa na awa 25, ga haɗarin kiton ko da awon suga bai yi sama ba. Ni wata guda kafin ranar nake fara ce musu su je su ga likitansu a gyara tsarin shan maganin, don da wuya su kawo maganar da kansu.

Anti Rifkatu:
Ki ajiye wannan a ranki don gaba, ba yanzu ba. Idan ta yi aure za ta riƙa shiga mikveh, wankan tsarki da ake nutsewa cikin ruwa bayan al'ada, kuma sharaɗinsa kada wani abu ya shiga tsakanin fata da ruwa. Matan da nake gani masu sensa ko famfon insulin sukan daidaita ranar canji da daren wankan. Irin tambayar da matanmu Musulmi ke yi ce a kan filasta da wankan janaba. Ba za su fara faɗa miki ba sai sun ga kin san da zancen.

Maman Hanif:
'Yan'uwa, na dawo da bayani bayan mako uku. Na mayar da su Talata da safe, sun zo har da uban, sun riga ni isa ma. Na sauke na'urar awon kamar yadda Dakta ya ce. Ana auna ta ranar Asabar, amma sau biyu kacal, kuma allurar rana da ka ake yin ta. Uban ya ce ya san an halatta, hannunsa ne ke nauyi. Sun ba ni izini a rubuce, likitarmu ta rubuta wa rabbinsu shafi ɗaya, ya kira su washegari ya ce a auna duk lokacin da asibiti ya ce, kuma uban da kansa ya riƙa yi, kada a bar wa yarinyar.

An saka sensa da na'urar karantawa. Ummu Sudais, katin firjin nan ya yi aiki, uwar ta zo da littafin girkinta muka zauna da mai ba da shawarar abincinmu kusan awa guda. Asabar ɗin da ta wuce mafi girman awo 12 ne, bayan cholent, kuma likita na duba yadda za a raba allurar rana kashi biyu.

Makaranta ce ba mu gama ba. Uwar ta yarda a sanar da shugabar, an sanar, kayan gaggawa na ofishinta. Malamar ajin kuwa uwar ta ce kada a sanar da ita, domin 'yar'uwar surukar yayarta ce. Ɗan Borno, na yi abin da ka ce, na tambayi yarinyar ita kaɗai, uwar na waje da izininta. Ta ce tana so ƙawarta guda ɗaya ta sani, don ta gaji da cewa fitsari take ji. Ban gaya wa uwar ba tukuna, na ce mata ita za ta faɗa ni ina gefe, Talata mai zuwa. A ranar ne kuma za mu fara maganar azumin. Anti Rifkatu, idan kina da hali zan kira ki daren Litinin ki faɗa mini yadda zan buɗe zancen malamar ba tare da na rufe ƙofar da aka buɗe mini ba.

Anti Rifkatu:
Ki kira bayan ƙarfe takwas, lokacin na sauka daga aiki. Kafin nan ki binciko mini ko akwai wata malama ko mataimakiya da ke shiga ajin kullum wadda ba ta da dangantaka da gidansu.